Tambaya da Amsa: Wace burauza ce ta fi saurin sarrafa JavaScript?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kwamfuta inda ɗalibai ke zuwa cike fom. Yaran shagona sun rabu, wasu sun ce Edge ta fi sauri, wasu Chrome, wasu kuma Firefox. Ta yaya zan gane mai gaskiya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a raba gardamar, a san abin da ake aunawa. Shafin da ake cike fom a kansa yana ɗauke da umarni da aka rubuta da harshen kwamfuta mai suna JavaScript, kuma kowace burauza tana da injin da ke sarrafa shi. Manyan injinan uku ne: V8 na Google, SpiderMonkey na Firefox, da JavaScriptCore na Safari. Chrome, Opera, Brave da Samsung Internet duk V8 suke amfani da shi, haka ma Edge tun da Microsoft ta koma kan Chromium, tushen da aka gina Chrome a kansa, a 2020. Ke nan masu gardamar Edge da Chrome kusan abu ɗaya suke yabo. Idan aka ga bambanci mai yawa a tsakaninsu, a binciki ƙarin manhajojin da aka maƙala wa burauzar da yawan shafukan da ke buɗe.

Don gwaji, shiga browserbench.org ka zaɓi Speedometer 3, wanda Apple, Google, Microsoft da Mozilla suka haɗu suka fitar a 2024. Yana kwaikwayon aikin mai amfani, kamar rubutu a akwati da ƙara abubuwa a jeri, sannan ya ba da maki. Mafi yawan maki shi ne mafi sauri. Akwai kuma JetStream, wanda ya fi karkata ga lissafi mai nauyi. Ga shago irin naka, Speedometer ya fi dacewa.

Inda mutane ke ɓata gwajin shi ne shiri. Yi shi a kwamfuta ɗaya, ka sabunta burauzojin duka, ka sake kunna na'urar ka bar ta kamar minti 5 ta lafa. Jona caja idan laftof ce, domin a kan batir tsarin yakan rage ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kashe ƙarin manhajoji, musamman masu toshe talla, ka rufe sauran shafuka. Kada ka taɓa linzami ko ka koma wata taga har gwajin ya ƙare, saboda burauza na rage wa shafin da ba a kallo gudu. Maimaita sau 3 ga kowace burauza, ka ɗauki makin tsakiya. Kusa da makin za ka ga alamar ± da wata ƙaramar lamba. Idan ratar da ke tsakanin burauza biyu ba ta wuce wannan lambar ba, kunnen doki suka yi.

Zafi ma yana da hannu, kuma a nan ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Furosesa idan ta yi zafi takan rage gudu da kanta don kada ta lalace. Burauzar da aka gwada da rana tsaka a watan Afrilu, bayan an gama gwada sauran biyun, za ta sha kaye ba da laifinta ba. Sai a riƙa sauya jerin, a bar tazarar minti 10 tsakanin gwaji da gwaji. A duba kuma yanayin ƙarin tsaro na Edge, domin yana kashe JIT, wato dabarar da injin ke bi yana mayar da umarnin da ake yawan maimaitawa zuwa harshen na'ura. In an kashe ta, maki kan faɗi sosai.

Kada ka dogara da tsofaffin gwaje-gwaje kamar SunSpider ko Octane. Google da kanta ta yi ritayar Octane a 2017, saboda masu ƙera injina sun koma gyara don cin maki, ba tare da shafukan gaske sun amfana ba. Sannan idan shafin fom yana jinkirin buɗewa ne tun farko, mafi yawanci matsalar sabis ce ko cunkoso a uwar garken shafin, kuma sauya burauza ba zai magance ta ba.

Tambaya: Opera Mini ta fi saurin buɗe shafi a wayata, amma wasu maɓallan ba sa aiki. Me ya sa? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, a yanayin tsimin data mafi tsanani, Opera Mini ba ta sarrafa JavaScript a wayarki. Kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafin, su gudanar da umarnin na ɗan lokaci kaɗan, su matse shi su turo miki. Shi ya sa karanta labarai ke da sauri da arha, amma fom da shafin biyan kuɗi, masu buƙatar umarni ya ci gaba da aiki, suke cijewa. Ki shiga saiti ki rage ko ki kashe tsimin data, ko ki buɗe irin waɗannan shafukan da Chrome ko Firefox.