Legoland, Windsor da Warwick da yara uku: yadda tamu tafiyar ta kasance

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce za ku zo Landan a watan Agusta da yara uku, mai shekara 3, mai 6 da mai 9, kuma kina son ku leƙa Legoland, wato wurin wasan yara na bulon roba na Lego, da fadar Windsor da fadar Warwick cikin kwana uku. Zai yiwu, amma kada ki jera su. Mu mun jera su da yaran da ba su fi naki ba, ranar ta uku da daddare babu mai yi wa wani magana a mota, har ni da Abbansu.

Kafin ki sayi tikiti ko ɗaya, ki jingina yaran da bango ki auna tsawonsu. A Legoland yawancin lilo ba ruwansu da shekaru, tsawo suke dubawa: wani santimita 90, wani mita 1, wani kuma sai yaro ya kai mita 1.3 kafin ya hau shi kaɗai. Ni ban yi wannan awon ba. Tun daga gida nake cika wa autarmu baki cewa za ta hau jirgin dodo tare da yayyenta, da muka je bakin layi aka tsayar da ita a jikin ma'auni, sai ga ta ta gaza da faɗin yatsa biyu. Ma'aikaciyar ba ta yi laifi ba, ni na yi alkawarin abin da ba nawa ba. Kukan da yarinyar nan ta yi ya cinye mana rabin safiya. Ki duba shafinsu, kowane lilo an rubuta tsawonsa, sai ki san wanda za ki ambata a gaban ƙaramin da wanda za ki ja bakinki a kai. Ki kuma lissafa cewa wasu lilon sai da babba a gefen yaro, ku kuma manya biyu ne ga yara uku, don haka dole a riƙa karɓa-karɓa.

Wurin a jikin tudu yake. Kafin a buɗe shi a 1996 gandun namun daji ne, kuma ƙofar shiga tana can sama, daga nan ma ana hango fadar Windsor. Da safe gangara ce, kowa na tsalle. Da yamma hawa ce, da yaro mai gyangyaɗi a kafaɗa. Akwai ɗan jirgin ƙasa da ke hawa da mutane, amma lokacin tashi kowa shi yake nufa. Ki zo da keken tura yaro ko da ɗan shekara ukun naki yana cewa shi babba ne. Ku isa kafin a buɗe, ku zarce can ƙasa kai tsaye yayin da jama'a ke tsayawa a lilon farko. Agusta hutun makarantun Ingila ne, layin manyan lilo yakan kai awa guda da rana tsaka.

Abin da ya fi burge nawa ba shi ne mai gudu ba. Makarantar tuƙi ce, inda yaro ke tuƙa 'yar motar lantarki a kan titi mai danja da shataletale, ba tare da babba ba. Ki duba ƙa'idar shiga a shafinsu don manyanki biyu, ƙaramin ma akwai tasu ta ƙanana. Sai Miniland, inda aka gina Landan da wasu birane da ƙananan bulon Lego, jirage da motoci na yawo. Babu layi a can, wurin hutawa ne mai kyau bayan azahar. Akwai kuma filin wasan ruwa. Ki sako tawul da kayan canji, don ba ki isa ki hana su ba.

Abinci ki yi naki, ana barin shiga da shi. Dafa-duka na zuba a kula da dafaffen ƙwai da cincin, muka shimfiɗa a ciyawa, a nan kuma muka yi salla. Alawa mai danƙo ki riƙa karanta bayan leda, da yawa akwai jalatin na alade a ciki. Rigar ruwa ga kowa, ko da gari ya waye tas.

Masauki kuwa, da ni ce ba zan kwana cikin Landan ba a waɗannan ranakun. Slough, ana kiransa "Silau", yana kusa da filin jirgin Heathrow, jirgin ƙasa daga can zuwa Windsor bai kai minti 10 ba, kuma garin cike yake da Musulmi, ga masallatai ga abincin halal. Ki nemi ɗaki mai labule mai kauri. A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura, yaron da ya saba magariba ƙarfe bakwai ba zai yarda dare ya yi ba.

Fadar Windsor ta manya ce, gaskiya. William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya kafa ta, kuma har yau gidan sarauta na amfani da ita. Ana bincike a ƙofa kamar filin jirgi, ba a ɗaukar hoto a ɗakunan ciki, ba a taɓa komai, keken yaro ma ajiye shi ake yi kafin a shiga. Zani ne ya cece ni, na goya auta, wata tsohuwar Baturiya ta tsaya tana kallon yadda na ɗaure. Ni na ji daɗin ganin babban zauren da aka sake ginawa bayan gobarar 1992. Yaran ko a jikinsu. Abu biyu ne suka riƙe su: gidan 'yar tsana na Sarauniya Mary da aka kammala a 1924, mai wutar lantarki da famfo na gaske, da kuma neman tutar da ke saman hasumiya, don idan Sarki yana gida tutarsa ake ɗagawa. Kabarin Sarauniya Elizabeth, wadda ta rasu a 2022, yana cikin cocin St George da ke harabar fadar, cocin kuma ba a buɗe shi ga 'yan kallo ranar Lahadi, fadar kanta kuma yawanci a rufe take Talata da Laraba. Sojojin masu jar riga da doguwar hula sukan yi fareti ta cikin gari kafin ƙarfe 11 a wasu ranaku, kuma wannan kyauta ake kallo daga bakin titi. Awa uku sun isa.

Warwick, wato "Worik", ita ce ta yara. Can ana gudu, ana ihu, ana hawa ganuwa, dawisu na yawo a lambu. Da babban namu ya ga sulke da kwalkwali a zaure, har da doki sanye da ƙarfe, cewa ya yi ashe su ma suna da 'yan lifidi, don ya taɓa ganin hawan salla a Kano. A bakin kogin Avon akwai ƙatuwar majaujawa ta katako, irin wadda ake jifan ganuwa da ita a zamanin da, kuma akwai wasan tsuntsaye, mikiya da mujiya da ungulu suna shawagi dab da kan mutane har sai ka sunkuya. Lokacin hutu sukan ƙara da sukuwar dawaki da mashi. Da shigarku ki ɗauki jadawalin wasannin, a kansa za ki tsara yinin. Zagayen hasumiyoyin matakala ce sama da 500, matsattsiya, kuma in an fara ba a juyawa. Abbansu ya hau da manyan, ku zauna ƙasa ke da ƙaramin. Kurkukun ban tsoro da ake biya daban kada ki kusance shi da yara.

Daga Slough kusan awa ɗaya da rabi ne a mota ta hanyar M40. In haya za ku ɗauka, doka ta wajabta kujerar yara ga duk wanda bai kai shekara 12 ko santimita 135 ba, ki nema tun lokacin da kike kama hayar motar.

Ga yadda zan yi da ni ce: Windsor da safe ranar farko, a koma a huta, Legoland washegari, kwana ɗaya babu ko'ina, sannan Warwick. Fadar Windsor ta riga Legoland, don yaron da ya wuni a lilo jiya ba zai tsaya kallon hotunan sarakuna yau ba. In kuma kwana ukun ne babu ƙari, ku kalli faretin daga titi, ku bar shiga ciki sai sun girma. Ki auna ƙaramin ki faɗa mini tsawonsa, zan gaya miki lilon da tawa ta samu hawa. Allah ya kawo ku lafiya.