Kada ka miƙa ragamarsa ga wanda ba ka ga turkensa ba

Jiya bayan la'asar ka same ni a barga ina duba ƙafar Kili, ka ce: "Baba, akwai wani tsohon doki a wani gida a Yakasai. Mai shi ya rasu, magada sun bar shi a turke, haƙarƙari duk a waje, ga miki a baya. Sun ce mai so ya zo ya kwance. Wani ya ce zai kai shi gonarsa. In ba shi?" Ban tanka maka ba, don raina ne ya ɓaci. Ba kai ka ɓata min ba, yaro. Kalmar nan "gona" ce ta fama min wani tsohon ciwo. To buɗe kunne.

Ba ka san Akawal ba, lokacin kana goye. Baƙi ne wuluk, da ɗan fari a goshi kamar an ɗiga masa nono. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da shi a gidan maigidana, Allah ya ji ƙansa. Zamanin Sarki Ado babu hawan da bai fita ba: Hawan Daushe, Nassarawa, Ɗorayi a ƙaramar Sallah, Fanisau a babba. Ranar Daushe, in an taso daga Babban Ɗaki aka iso Ƙofar Kudu, 'yan bindiga suka saki wuta, za ka ga dawakin da aka saya da kuɗi masu yawa suna tirjiya suna neman ka da mahaya. Akawal ko kunne ba ya kaɗawa. In an zo jafi, wato sukuwar gaisuwar Sarki, da ɗan yatsa ɗaya nake tsayar da shi. Ni na hore shi, kuma duk wanda ya san harkar doki a cikin birni ya san hannuna.

Bayan rasuwar Sarki Ado a 2014 ƙarfinsa ya fara ja baya, maigidana ya ce min: "Na bar maka shi." Sai ciwon kaska ya kama shi. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ya daina cin abinci. Wata uku ina jinyarsa. A bargar nake kwana a kan tabarma, in ya motsa in tashi. Na sayar da sirdina mai kyau na biya likita da allura, ga shi bazara ce, harawa ta yi tsada. Allah ya tashi kafaɗarsa, ya murmure, ya yi ƙiba, gashi ya dawo yana sheƙi. Amma wurina ya yi ƙunci, ga dawakin mutane da aka ba ni kiwo, sai na fara cigiyar inda zai je ya huta.

Sai ga wani mutum. Farar babbar riga, carbi a hannu, magana a hankali, ko'ina "ranka ya daɗe". Ya ce yana da gona a bayan Dawakin Tofa, mahaifinsa tsoho ne da ya saba da doki, yana son ya riƙa buɗe ido yana ganin doki a ƙofar gida, ga kuma taki. Ya shafa wuyan Akawal, har ya kawo hadisin da ke cewa alheri na ƙulle a goshin dawaki har ranar tashin ƙiyama. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Na ba shi kyauta. Ban karɓi ko sisi ba. Na haɗa masa da buhun dusa, da kanwa, da sabuwar ragamar da na sayo a Kurmi, da bargon da nake rufa masa lokacin sanyi. Na yi masa bayanin yadda yake son a jiƙa masa dusa. Yana ta gyaɗa kai.

Kwana tara aka yi. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, wani abokina dillali ya kira ni ya ce: "Wane, dokinka mai farin goshi na gani ana turawa cikin tirela." Na ce ƙarya ne, yana gona. Ya ce ragamar ma ya gane ta. Washegari na hau mota na nufi ƙauyen da mutumin ya ambata. Na tambayi mai unguwa, na tambayi masu shayi, na tambayi liman. Babu gonar, babu tsohon, babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Ka san inda irin tirelar nan take zuwa? Kudu. Akwai wuraren da ake yanka doki a sayar da nama, irin Obollo-Afor a jihar Inugu, kuma masu wannan fatauci ba ruwansu da tafiyar doki ko jafinsa, nauyi suke saye. Wato jinyar da na yi ta wata uku, sirdin da na sayar, barcin da ban yi ba, duk nama na tara wa macuci. Dokin da ya yi shekaru yana bin bayan Sarki ya ƙare a cunkushe a bayan mota, ana gwara kansa da ƙarfe, ba ruwa ba inuwa. Wannan ne yake hana ni barci har yau.

Na sake ganin mutumin bayan kusan shekara, a bakin kasuwa. Na riƙe masa riga. Ko gezau bai yi ba. Ya ce: "Malam, ba kyauta ka ba ni ba? Abin da ka bayar ai ya fita daga hannunka." Mutane suka taru, aka tambaye ni shaida, babu. Takarda, babu. Aka ba ni haƙuri, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To yanzu ga naka. Kafin ka taɓa igiyar dokin nan, ka tara magadan a gaban mai unguwa. Doki dukiyar gado ce. Yau da yake ƙashi da fata kowa ya ce a kwashe, ran da ya yi kyau wani ɗan uwa zai ɓullo daga Legas ya ce an sace dokin ubansa. Kowa ya faɗa da bakinsa, a rubuta.

Kuma wa ya ce maka yanzu ne lokacin nema masa gida? Dokin da ke cikin wannan hali ba a ba da shi, jinyarsa ake yi. Wanka da goga da sharar barga ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da rake. Abin da nake tsoro shi ne tausayinku na yaran yanzu. Za ka ga yunwa a jikinsa, ka auno dawa kwano biyu ka zuba masa, a ɗauki hoto a sa a TikTok, gobe a wayi gari ya mutu. Doki ba ya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga, kuma cikin da ya daɗe a wofi ba ya ɗaukar hatsi. Ko ciwon ciki ya murɗe shi, ko zafi ya sauka a kofato ya kasa tsayuwa. Harawa mai kyau, marar ƙura marar fumfuna, ɗan kaɗan, sau biyar ko shida a yini. A yi kwana goma ana ƙarawa sannu a hankali kafin a yi zancen dusa, ita ma jiƙaƙƙiya. Ruwa kuwa kada ya yanke. A zafin Kano doki yana shan lita 30 zuwa 40 a rana, har ya wuce.

Ka buɗe bakinsa. Ku ba kwa duba baki, wutsiya da kwalliya kuke kallo. A haƙorin gefe na sama akwai wani layi da ke tsirowa daga dasashi in doki ya kai wajen shekara 10, ya kai rabi a 15, ya sauka har ƙasa a 20. Da shi za ka san ko tsufa ne na gaske ko wahala ce ta tsufar da shi, don doki mai gata yana kai 25 har 30. Sannan ka duba ƙasa inda yake cin abinci. In ka ga curin harawa da ya tauna ya zubar, turamensa ne suka yi kaifi suna yankar kumatu, sai an goge su. Irin wannan ko buhu nawa ka ba shi ba zai yi ƙiba ba.

Ka ɗaga fatar idonsa. Fari fat, jini ya ƙare, tsutsa ko kaska. Ɗorawa, irin ciwon Akawal ne. Ka je asibitin dabbobi ka taho da likita ya ɗebi jini, kada ka tsaya wurin mai tallar magani ka sayo allura ka soka da ka. Maganin tsutsa ma ka bar likita ya faɗi rana da awo, don jikin da ya raunana ba a yi masa gaggawa. Mikin baya a wanke da ruwan gishiri, a kare shi daga ƙuda, sirdi kuma ya yi sallama da shi. Kofaton da ya yi tsawo ya lanƙwashe ba a datse shi rana ɗaya, kaɗan-kaɗan ake ragewa. In yana majina ko kana ganin ƙuraje a jere a ƙafarsa, kada ka kuskura ka shigo min da shi cikin dawakina. Can rumfar baya, bokitinsa daban, sati uku.

In ya tsaya da ƙafarsa, sannan a yi maganar gida. 'Yan kilisa da masu ba da hayar doki don hawan angwanci, ko da kuka suka zo kada ka saurare su. Yaran da ke sukuwa a kan kwalta da tsakar rana, su ɗora mutum biyu, su dawo da doki jiƙe da gumi su ɗaure shi su tafi kallon ƙwallo, tsohon doki sati nawa zai yi a hannunsu? Ka nemi dattijon da ya taɓa riƙe doki har ya tsufa ya mutu a turkensa. Akwai su a gidajen dagatai da masu unguwanni a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ka tambayi masu kayan doki a Kurmi da barorin gidajen hakimai, sun san kowa.

Ka je da ƙafarka, ba tare da ka sanar ba. Gani ya kori ji. Ka ga inuwa, ka ga rairayi a ƙasan turke, ka ga inda ruwa yake, ka ga rumbun harawa. Ka dubi jakinsa da tumakinsa, yadda ka gan su haka dokinka zai koma. Ka faɗa masa gaskiyar shekarunsa da ciwonsa, ka ce ba ya hawuwa, ci kawai zai yi. Mai niyyar kirki zai yi shiru ya yi lissafi. Wanda ya ce "ba komai, ba komai" tun ba ka rufe baki ba, yana kallon cinyar dokin, ka sallame shi.

Kuma kalmar kyauta kada ta fito daga bakinka. Amana ce, kiwo ne. A rubuta a gaban mai unguwarsu da shaidu biyu: ba sayarwa, ba haya, in ya gaza ya dawo da shi. Wayar nan da ba ta barin hannunka ta yi amfani a nan, ka ɗauki dokin ta kowane gefe tare da mutumin da ƙofar gidansa. Bayan sati ka leƙa, bayan wata ka sake leƙawa.

In kuma likita ya duba ya ce ba mai tashi ba ne, azaba kawai yake sha, kada ka tura wa wani don ka huta da gani. Ka tsaya a kansa a yi abin da likita ya ce, a haƙa rami a binne shi.

Gobe bayan asuba ka ɗauko ragamar igiya mai laushi da damin harawa ɗaya, mu je Yakasai in gan shi da idona. Shi kuma mai gonar, ka ce masa ya zo barga ya same ni, ya taho da sunan ƙauyen da sunan mai unguwarsu.