Tambaya da Amsa: Kuskuren da Aka Tare a Ɗakin Tiyata, Sai An Kai Rahotonsa?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen sa barci. An kusa yi wa majiyyaci allurar suxamethonium (maganin sassauta tsoka) maimakon fentanyl (maganin kashe zafi na dangin morphine), aka ankara kafin a tura. Tunda ba abin da ya same shi, sai an kai rahoto?

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa, kuma a ranar, tun ba a manta ba. Da allurar ta shiga, cikin minti ɗaya tsokar numfashinsa za ta tsaya alhali yana ji yana gani.

Ki rubuta lokaci, maganin da aka nufa, wanda aka ɗauka, da yadda aka gano. Sirinjin na da lakabi? A ƙa'idar duniya, ja na masu sassauta tsoka ne, shuɗi na dangin morphine. Mutum ɗaya ne ya zuƙa ya kuma bayar? Awa nawa ya yi yana aiki? Abin da ya faru kawai za ki rubuta, ban da ɗora laifi.

Binciken Jeffrey Cooper na 1978 a Boston ya gano kashi 82 cikin 100 na aukuwar da za a iya kauce wa a wajen sa barci kuskuren ɗan Adam ne, kuma gajiya, gaggawa da rashin sanin na'ura na cikin abubuwan da ke jawo su. Sai shugaban sashe ya kai rahoton naki zuwa taron bita, a raba wa magungunan nan biyu mazauni.