Saukar CK ba ta nufin huhu ya lafa

Assalamu alaikum 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba Mama lafiya. Kin ce an gano tana da ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa tsoka, mayosaitis, an ɗora ta a kan firednisolon, gwajin jini na CK mai nuna lalacewar tsoka ya sauko, amma haki sai ƙaruwa yake yi. Yanzu likita ya rubuta feritin, gwajin jini da ke hawa in akwai kumburi a jiki, da wani gwaji mai tsada da ake aika jini wani gari, kina tambaya ko dole ne. Ni ba likita ba ce, amma na yi jinyar yayata a nan Gombe da irin wannan ciwo. Shawarata ku yi gwajin, kuma kar ku ja lokaci.

CK daga tsoka yake fitowa. In tsoka na lalacewa ya hau, in magani ya kama ya sauka, iyakar labarinsa ke nan, ba ruwansa da huhu. Yayata ta kai ga tana iya tashi daga tabarma ba a kama ta ba, tana ɗaura ɗankwali da kanta, CK ya dawo daidai, amma daga ɗaki zuwa bayi sai ta dafa bango ta huta. Ga busasshen tari ba majina. Wani ƙaramin asibiti har sun so su fara ba ta maganin tarin fuka, alhali gwajin majinar bai nuna komai ba. Sai da aka yi hoton CT na ƙirji aka ga kumburi da tabo a ƙasan huhun biyu.

Gwajin mai tsadar nan shi ke nuna wace irin garkuwa ce ta juya wa jiki baya, kuma hanyar da ciwon zai bi ta dogara da hakan. Na yayata Jo-1 ne. Masu shi sukan samu ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi, da kaushi da tsagewa a gefen yatsu. Huhunsu yakan amsa magani, sai dai ciwon na son dawowa in an yi gaggawar rage ƙwaya. Wanda likitoci suka fi tsoro shi ne MDA5, wanda a Japan aka fara bayyana shi a 2005. Mai shi tsokarsa kan zama lafiya lau ko kusa da haka, CK ma bai cika hawa ba, amma huhu na iya lalacewa cikin 'yan makonni, kuma watanni shida na farko su ne mafi hatsari. Irinsa ba a tsaya masa da firednisolon kaɗai, tun farko ake haɗa magunguna biyu ko uku masu danne garkuwa. Ki duba bayan yatsun Mama, gwiwar hannu da fatar ido. A fatarmu tabon ba ja yake fitowa ba, duhu yake yi, shi ya sa ake ɗaukar shi ƙyasbi ko makero. In akwai gyambo a kan gaɓoɓin yatsu ko ƙuraje masu zafi a tafin hannu, ki nuna wa likita yau ɗin nan.

Feritin kuwa ya fi araha, kuma ana yin sa a nan gida. Yawanci na mai lafiya ba ya wuce 300. Binciken Japan ya nuna waɗanda nasu ya haura 1,500 sun fi shiga hatsari. To amma kar lamba ɗaya ta tayar miki da hankali, domin maleriya, ciwon hanta da yawan ƙarin jini duk suna ɗaga shi. Abin da likitanmu ke kallo shi ne ko yana hawa ko yana sauka daga gwaji zuwa gwaji, tare da CRP da LDH, su ma gwajin jini ne masu nuna kumburi da ɓarna a jiki. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta kowane sakamako da kwanan wata, takardun nan ɓacewa suke yi.

Ki nemi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Ki auna Mama tana zaune, ki sake aunawa bayan ta zaga tsakar gida. In ta faɗi ƙasa da 90, asibiti za ku tafi, ba a jiran ranar ganin likita. Baƙin lalle da jan farce na rikita na'urar, a bar yatsa ɗaya ba komai.

Kuna Bauchi, ki nemi a haɗa ku da likitan huhu da na gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a yi gwajin hura iska don a san ƙarfin huhun tun yanzu. Kafin a ƙara mata magani mai ƙarfi ki tambaya ko an duba ciwon hanta nau'in B da tarin fuka, da ko za a ba ta Septrin na rigakafi. A riƙa auna suga da hawan jini, firednisolon na tayar da su. Kuma ko ta ji sauƙi, ko wani ya kawo jiƙo ya ce a ajiye na asibiti, kar a yanke firednisolon lokaci guda, likita ne ke rage shi a hankali.

In kuɗin ba zai kai a yi duka ba, ki gaya wa likitan gaskiya ya zaɓa muku wanda za a fara da shi. Mu feritin da CT muka fara yi, 'yan'uwa suka haɗa na ɗayan daga baya.