Tambaya da Amsa: Manzannin Yesu goma sha biyu ne, to ina sauran sunayen suka fito?

Tambaya: Ina koyar da darasin addinin Kirista a wata sakandare da ke Mabera. Na sa ɗalibaina su rubuto sunayen manzannin Yesu goma sha biyu, da na tattara takardun sai na ƙirga suna goma sha bakwai. Wa ya yi daidai?
Daga wata malama, Sakkwato

Amsa: Malama, sannu da aiki. Jerin ya zo a wuri huɗu: Matiyu 10:2-4, Markus 3:16-19, Luka 6:14-16, da Ayyukan Manzanni 1:13. Linjilar Yahaya ba ta jera su ba. A Matiyu ga yadda suke: Saminu Bitrus, Andarawas, Yakubu ɗan Zabadi, Yahaya, Filibus, Bartalamawas, Toma, Matiyu, Yakubu ɗan Halfa, Tadawas, Saminu Bakananiye, da Yahuza Iskariyoti.

Ki koya musu huɗu-huɗu, ya fi zama a ka. A duka jerin huɗun Bitrus ne na ɗaya, Filibus na biyar, Yakubu ɗan Halfa na tara. Sauran kan sauya wuri, amma ba mai tsallakawa daga rukuninsa zuwa wani.

Rarar biyar ɗin, kusan kullum daga sunayen da ke tafe take fitowa. Inda Matiyu da Markus suka ce Tadawas, Luka ya ce Yahuza ɗan Yakubu, kuma akasarin masana na ɗaukarsu mutum ɗaya. Lawi mai karɓar haraji na Markus 2:14, kiransa daidai yake da na Matiyu a Matiyu 9:9, a wurin karɓar haraji aka same shi zaune, shi ya sa ake ɗaukarsu mutum ɗaya. Na Nata'ala ya fi wuya. Yahaya kaɗai ya ambace shi, bai kuma taɓa ambaton Bartalamawas ba. Da yake Filibus ne ya kawo Nata'ala wurin Yesu, Linjila uku kuma suka sa Bartalamawas dab da Filibus, sai aka ce mutum ɗaya ne. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai babu ayar da ta faɗi haka ƙarara, don haka a jarrabawa Bartalamawas za su rubuta.

Matiyas manzo ne, amma ba na farko ba. Bayan mutuwar Yahuza Iskariyoti aka tsai da shi da Yusufu Barsaba, aka yi kuri'a ta faɗa kansa (Ayyukan Manzanni 1:23-26). Bulus kuwa ba ya cikin sha biyun, daga baya ya tuba, a hanyar Dimashƙu. Wanda ya rubuto Markus ko Luka, ki ja masa jan biro, marubutan Linjila ne, ba sa cikin sha biyun.

Sai ki lura da masu suna iri ɗaya: Saminu biyu, Yakubu biyu, Yahuza biyu a jerin Luka. Yahaya manzo kuma ba shi ne Yahaya Maibaftisma ba, nan yara suka fi tuntuɓe. Idan wani ya rubuto Siman a madadin Saminu, ko Yohanna a madadin Yahaya, kada ki rage masa maki, bambancin fassara ne.

Tambaya: Ni Musulmi ne. Su ne Hawariyawan Annabi Isa (AS) da Alƙur'ani ya ambata?
Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo

Amsa: Ɗan'uwa, Alƙur'ani ya ambaci Hawariyawa a Ali Imrana aya ta 52, Ma'ida 111 da 112, da Saffi 14, amma bai faɗi sunayensu ko yawansu ba. Galibi ana ɗaukarsu su ne waɗannan almajiran. In kana rubutu, ka nuna cewa sunayen daga littattafan Kirista ka ɗauko su, ka sa babi da aya.