Fim ɗin Parasite: ɗan shekara 13 zai iya kallonsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. An tura wa ɗana mai shekara 13 fim ɗin Koriya mai suna Parasite a wayarsa, a wurin masu tura fina-finai. Ya ce na ban dariya ne, kuma ya ci kyaututtuka da yawa. Da na duba intanet sai na ga wani wuri an sa masa alamar R, wani wuri kuma 15. Wanne ne daidai? In bar shi ya kalla?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Duka biyun daidai ne, domin kowace ƙasa da ma'auninta. R alamar Amurka ce, tana nufin wanda bai kai shekara 17 ba ba zai shiga silima ba sai da iyayensa ko wani babba mai kula da shi. Dalilan da aka bayar a can uku ne: ashar, zubar da jini, da abin da ya shafi jima'i. Ita kuwa 15 ta BBFC ce, hukumar tantance fina-finai ta Birtaniya, kuma ta fi tsauri ta wani ɓangaren, don wanda bai kai 15 ba ba ya shiga ko da mahaifinsa na riƙe da hannunsa. Koriya ta Kudu ma, inda aka shirya fim ɗin, 15 ta ba shi. Kin ga duk ma'aunin da aka ɗauka, ɗanki bai kai ba. Kwafin da ake turawa a waya kuwa yawanci ba ya zuwa da wata alama, shi ya sa binciken da kika yi ya dace.

Ɗanki bai yi ƙarya ba da ya ce na ban dariya ne, kuma a nan haɗarin irin waɗannan fina-finai yake. Bong Joon-ho ne ya ba da umarni, fim ɗin ya fito a 2019, tsawonsa minti 132. Kusan awa ɗaya ta farko barkwanci ne: iyalin Kim, talakawa masu zama a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa, suna yin dabara ɗaya bayan ɗaya har su huɗun suka samu aiki a gidan attajiri Park. Uwar da ta leƙa minti goma ta tashi za ta ɗauka babu komai. Daga daren da mai aikin gidan da aka kora ta dawo cikin ruwan sama ta ƙwanƙwasa ƙofa, sai labarin ya juya gaba ɗaya.

Dole in ɗan tona labarin don ki san abin da ke ciki. Akwai wurin da mai gida da matarsa ke shafar juna a kan kujerar falo, da tufafi a jikinsu amma da kalaman batsa, kuma an ɗan ja shi, ba giftawa ce kawai ba. Akwai matar da aka hankaɗa daga matakala kanta ya bugu. Kusa da ƙarshe, a bikin zagayowar ranar haihuwar ƙaramin yaro, ana rotse kan saurayi da dutse, ana daɓa wa mutane wuƙa da rana tsaka, jini a fili, yaron ya faɗi yana shure-shure don firgita. Ga shan giya da sigari, ga ashar a rubutun fassarar da ke ƙasan allo.

Abin da ya fi damuna ga ɗan shekara 13 ma ba jinin ba ne kaɗai. An tsara rabin farko ne yadda mai kallo zai so iyalin Kim su yi nasara alhali suna buga takardar makaranta ta bogi, suna ƙulla wa direba sharri a kore shi, suna tayar wa mai aiki cutar da wani ɗan itace ke sa mata don a zaci tarin fuka take da shi. Babba zai gane cewa ana nuna yadda talauci da raini ke lalata mutane ne. Yaro kuwa yana iya tsayawa a kan wayon, ya ga abin burgewa.

Kyaututtukan gaskiya ne: ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2019, da Oscar huɗu a 2020. Sai dai alƙalan ƙwarewa suke aunawa, ba shekarun mai kallo ba.

Shawarata a cire shi daga wayar yanzu, ki faɗa masa dalili a fili, kada ya ji kamar hukunci ne. In ya kai 15 ko 16 kuma kin ga hankalinsa ya ɗauka, sai ya kalla da mahaifinsa ko wani babban yayansa, a tsallake wurin kujerar. Nan gaba duk fim ɗin da ya zo da shi, ki rubuta sunansa tare da BBFC a intanet, ki karanta layin dalilan da ke gefen lambar, sannan ki duba rabin awar ƙarshe da kanki, ba farkon ba. In kuna da Netflix a gida, ki buɗe masa ɓangarensa daban, ki saita iyakar shekaru, ki kulle na manya da lambar sirri.