An ba yayar tabarau, an ce ƙanin ya jira: me ya sa?

Tambaya: Likita, ni uwa ce a Aboabo, nan Kumasi. Na kai yarana biyu gwajin ido. Ƙaramin, ɗan shekara 3, an rubuta masa +1.50 aka ce ba ya bukatar tabarau. Yayarsa mai shekara 9 an rubuta mata -1.50, aka ce lallai ta sa. Lamba ɗaya ce, me ya bambanta su? Kakarsu kuma ta ce tabarau zai ƙarasa kashe mata ido.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Lambar ɗaya ce, amma alamar da ke gabanta ta raba su, kuma duka biyun labarin girman ido ne.

Jariri yana zuwa duniya da gajeren ido. Daga gaba zuwa baya tsawonsa wajen milimita 17 ne, na babba kuwa wajen 24. Haske yana shiga ta gaba, fatar nan mai sheƙi da ke rufe baƙin ido da madubin da ke ciki su lanƙwasa shi, ya je ya taru a kan tantanin gani da ke can baya. Idan ido gajere ne, sai hasken ya isa tantanin bai gama taruwa ba. Shi ake rubutawa da alamar ƙari, kuma yawancin jarirai da shi ake haifarsu, kusan +2.00.

Daga nan ido ya shiga gyaran kansa. Yana tsawo da sauri a shekarar farko, a lokaci guda fatar gaban tana rage gantsarewa, madubin ciki yana rage ƙarfi. Abin mamakin shi ne ba da ka yake wannan girma ba: hoton da ke sauka a kan tantanin ne ke gaya masa ya ci gaba ko ya dakata. A haka lambar ƙari ke raguwa sannu a hankali. Don haka +1.50 a ɗan shekara 3 bai fita daga abin da muke sa rai ba.

Ga shi kuma yaro yana da abin da ni da ke muka fara rasawa. Madubin idonsa laushi gare shi, tsokar da ke kewaye da shi tana matsawa ya kumbura, abin da ke kusa ya fito sarai. Ɗan shekara 10 zai iya karanta rubutu a tazarar santimita 7 ko 8 daga hancinsa. Ki dubi yadda mai shekara 45 ke miƙa hannu da Alƙur'ani kafin ya ga wasali. Da wannan ƙarfi ƙaramin naki yake cike giɓin +1.50 ba tare da ya sani ba. Shi ya sa ma muke ɗiga wa yara maganin da ke kwantar da tsokar kafin gwaji, in ba haka ba sai su ɓoye mana ainihin lambar. Idan ba a ɗiga musu ba a ranar, ki nemi a sake.

Ita yayar kuwa, nata idon ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Ƙarin milimita 1 kacal yana kawo kusan -2.50 zuwa -3.00. Hasken yana taruwa kafin ya kai tantanin, sai allon aji ya koma hazo, littafin hannunta kuwa tas. A nan tsokar ba ta da abin yi, domin ƙara ƙarfi ta iya, ita kuma yarinyar ragi take bukata. Za ki ga tana tsuke ido ko tana kwafa daga littafin ta kusa da ita.

Ki gaya wa Kaka, cikin ladabi, cewa tabarau ba ya kashe ido. Na san inda zancen ya samo asali: an ba yaro tabarau bana, baɗi lambar ta ƙaru, sai a ɗora wa gilashin laifi. Idon ne ke ci gaba da tsawo, kuma yakan yi haka har ƙarshen shekarun balaga, wani lokaci ya ɗan zarce. A riƙa auna ta duk shekara.

Abin da ke hannunki shi ne hasken rana. Bincike a Taiwan da Sin ya nuna yaran da ke daɗewa a waje ba su cika kamuwa da rashin ganin nesa ba, shawarar da ake bayarwa kuma wajen awa 2 ce a rana. Yaranmu na Zango safe boko, yamma makaranta, dare waya. Ƙaramin ne zai fi cin ribar wasan waje, tunda nasa bai fara ba.

Amma ba kowace alamar ƙari ake ƙyalewa ba. Idan lambar babba ce, ko ido ɗaya ya fi ɗaya da nisa, ko kika ga harara-garke ko da jefi-jefi ne, ƙwaƙwalwa tana iya watsar da ido ɗaya ya zama rago, gyaransa kuma yana wuya bayan shekara 7 ko 8. Idan kuwa kika hangi fari a tsakiyar baƙin idon, ko a hoton waya ne, kada ki ɗiga masa nono ko ki sa kwalli, ki kai shi sashen ido na asibitin Komfo Anokye, wato Gee, a makon nan.